Baba da Motocin Baƙi a Cikin Rafi

Zuwa ga Yaya Saverio,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da Ornella da yara kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyin Kanada bai ƙarasa maka gwiwar nan taka ba. Allah ya sa haka. Mu nan an fara tsinkar zaitun, Mama kuma tana nan da ƙarfinta.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Tun bara hukumar gari ta shafa wa titunanmu rawayan fenti, ta ce 'yan gari kaɗai za su riƙa ajiye mota a kai. Baƙin da ke kama ɗakunanmu na sama na 'yan kwanaki kuwa, masu ilimin ofis suka ba su busasshen rafin nan na bayan coci su riƙa ajiye motocinsu, har da allo mai kyau cikin harsuna uku. Allon dai bai faɗi abin da kowace akuya a garin nan ta sani ba: in aka yi ruwa a kan duwatsu, zai gangaro ko da rana na ƙwallewa a nan. Shi ne Baba ya naɗa kansa sarkin makullai. Duk baƙon da ya sauka sai ya karɓe makullin motarsa, da an buga ƙararrawar gargaɗi ya sauka ya fitar da motar.

Ranar Talata aka buga. Baƙinmu, wasu mata da miji 'yan Holan, sun tafi bakin teku a bas. Daga kan gada na hango tsohonka cikin silifas ya shige motarsu. Yaya, irin sababbin nan ce, ba ramin makulli, sai maɓallai. Yana ta danne-danne, abin goge gilashi kaɗai ke motsi. Na ji rugugin kafin in ga ruwan. Na yi ihu har muryata ta dishe, ko waiwaye bai yi ba. Gaetano mahauci ne ya diro ya fisgo shi ta wuyan riga, yana ce masa tsohon kawai, in mutuwa yake so ya zaɓi motar da ya iya faɗin sunanta. Ruwan ya tafi da motar, da silifas ɗaya.

Da Baba ya sha kofi, abin da ya dame shi kawai wai baƙo ya yi asara a gidansa. Har ya tambaye ni yadda ake tayar da irinsu, saboda gaba. Na ce masa tarihi na karanta a jami'a. Kowa ya yi dariya. Har yau in na ji ƙararrawa, ko ta ɗaurin aure ce, sai na leƙa na ga ko Baba yana gida.

Ni da Mama mun yi magana, ka san inda maganar mata take tsayawa a kunnensa. Taka yake ji. Ka kira shi, kada ka ce masa ya tsufa, ka ce kai ne kake roƙo. Damina yanzu ta fara, ɗakunan kuma a kame suke har ƙarshen wata.

Ka gai da Ornella, da Cosimo, da 'yar auta Rosaria. Mama na gaishe ku. Baba ma ya ce in gaishe ka, bai san abin da na rubuta ba.

Ƙanwarka,
Nunzia