Ni Na Ɓata Fatun Nan, Ba Baba Laminu Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin da aka ɗora wa duba littattafan koyon sana'a da shirya wasannin bikin 'yancin kai, a nan Damagaram.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, da barka da wannan lokaci da Allah ya kawo mu, ƙasa za ta koma hannun 'ya'yanta. Allah ya nuna mana ranar lafiya.

Sunana Isuhu, ni ne mushe, wato malamin da ke koyar da aikin fata a makarantar sana'a ta nan garin. A Birni aka haife ni, gidanmu gidan jima ne tun kaka da kakanni. Sau uku ina zuwa bironka, wato ofishinka, cikin watan nan, sau uku mai tsaron ƙofa yana ce mini kana taro. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Da na koma gida na yi tunani, sai na ga dama maganar ba ta cikin biro ba ce. A gaban jama'a na yi ɓarnar, to a gaban jama'a ya kamata a ji ta.

Kun aiko mana takarda kuna neman ra'ayin malamai a kan abu biyu: littafin jima na Faransanci da kuke so a juya zuwa Hausa, da kuma teyatur ɗin nan, wato wasan kwaikwayon tsohon majemi, da kuke so a sake yi ranar biki, har a kai shi Mirriya da Gidimuni. A ƙarƙashin kowanne na rubuta yana da kyau, na sa hannu. Ƙarya na yi, ranka ya daɗe. Ga gaskiyar.

Na ɗaya, maganar littafin.

Ba zan zalunce shi ba, akwai alheri a cikinsa. Zanen da ya nuna yadda za a feɗe akuya ba tare da wuƙa ta huda fata ba, ni da kaina na kai wa mahauta, kuma sun amfana. Maganarsa ta shanya fata a inuwa maimakon a ƙasa cikin rana, ita ma gaskiya ce. Amma babin jiƙo ya ce a bar fata kwana takwas cikin ruwan lasho, wato farin garin nan mai ƙuna da ke zuwa a buhu, don gashi ya saki. Kwana takwas, shi ke nan. Bai ce kwana takwas na wace ƙasa ba. Wanda ya rubuta shi bai taɓa zama a Damagaram da bazara ba, lokacin da ruwan randa ma yake yin ɗumi kamar an ɗora shi a wuta.

Bazarar shekara uku da suka wuce, diraktan makarantarmu na wancan lokaci ya ba ni fatun awaki arba'in, zaɓaɓɓu, ya ce in jeme su bisa ka'idar littafi don a nuna wa wani babban baƙo da zai zo. A lokacin akwai dattijon da makaranta ke kira yana duba mana aiki, Baba Laminu. Wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina shekara bakwai da mahaifina ya rasu, shi ya kama hannuna ya kai ni lakwal, makarantar boko, a zamanin da maƙwabta ke ɓoye nasu 'ya'yan a rumbu.

Baba Laminu ba ya ƙirga kwana. Yakan ɗaga fata daga cikin ruwa, ya matsa wajen wuya da babban yatsa, ya ja gashi kaɗan, ya kai ta hancinsa. Sannan ya tsoma yatsa a ruwan ya taɓa a bakin harshe, ya tofar. Haka ubansa ya yi, haka duk wani majemin kirki yake yi a garin nan. Ran kwana na uku da hantsi ya yi hakan, ya kira ni gefe a hankali, ya ce in tsame su yau kafin azahar, in sun ƙara kwana sun tafi.

Gefe ya kira ni, amma ni a tsakiyar ɗalibai na ba shi amsa. Na buɗe shafin, na ɗora yatsa a kan lamba takwas, na ce masa nan makaranta ce ba majema ba, ba a aiki da hanci. Wallahi haka na faɗa. Ya dube ni, ya goge hannu a warkinsa, ya ce to. Ran kwana na biyar ya sake zuwa, bai ma shigo ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya, iska ta kawo masa abin da ta kawo, ya juya. Ran na takwas muka tsame fatu, sun yi laushi kamar takardar da ta kwana a ruwa, yatsa yana ratsa su. Ko ɗaya ba ta tsira ba.

Na biyu, ƙaryar da na rubuta.

Dirakta ya nemi bayani a rubuce. Tsoro ya kama ni, don shekarata biyu kacal da kama aiki, ga sabon aure. In na ce littafi ya yi kuskure, wa zai saurari ɗan majemi a kan littafin da aka buga a Faransa? In na ce ni na ƙi jin gargaɗi, na kori kaina. Sai na rubuta cewa tsohon ya riƙa tsoma hannu a ruwan, kuma ina zargin ya zuba toka a bayan idona. Babu wata toka. Aka aika masa cewa an gode, ba sai ya ƙara zuwa ba. Takardar nan tana nan cikin durowar makaranta har yau, da sa hannuna a ƙasa.

Na uku, teyatur, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai.

Muna da ƙungiyar wasa ta malamai da akawuna. Baturen da ke koyar da Faransanci, wanda yanzu ya koma ƙasarsu, ya kawo wani tsohon littafin labari da suke ji da shi, ya ce mu mayar da shi wasa da Hausa. Na karanta littafin tun daga farko har ƙarshe, kuma yana da daɗi ƙwarai. Labarin wani tsoho ne mai taurin kai da ya ƙi sakin hanyar da. Gaskiya ne ana yi masa dariya a ciki, amma marubucin yana tausayinsa. Kafin ka kai ƙarshe, kai mai dariyar sai ka ji kunya ta kama ka, don ashe akwai abin da tsohon ya gani wanda saura ba su gani ba.

Labarin ya yi wa dandali tsawo, sai muka shiga yanka. Me muka yanke? Duk inda tausayin yake. Aka ce mutane dariya suka zo yi. Muka bar wautar tsirara. Sannan Bature ya ce a ba tsohon wata sana'a ta garin nan don jama'a su gane. Wani akawu da ya ji labarin fatun makaranta ya ce a mai da shi majemi, kowa ya tafa. Aka ce wa zai fito a tsohon? Ba wanda ya tilasta ni. Ni na ɗaga hannu, na ce ba wanda ya kai ni sanin abin.

Na je gida na ari warkin Baba Laminu a hannun matarsa, Inna Hajara, na ce darasi zan yi da shi. Na kwaikwayi tafiyarsa, yadda yake ɗan jan ƙafar hagu. Na kwaikwayi sansanar fata, na mai da ita kamar ta kare a bakin mahauta. Na kwaikwayi ɗanɗanar ruwa, ina lashe baki ina lumshe ido kamar mai shan zuma.

Bayan la'asar aka yi wasan a filin makaranta, aka gayyaci manyan masu sana'a. Ina fitowa na hango shi a layi na biyu, cikin rigarsa ta Juma'a. An gaya masa ɗansa zai yi wasa a gaban manya, shi ne ya zo ya gani. Ranka ya daɗe, na gan shi, kuma ban daina ba. Fili ya kaure da dariya, dariyar ta hau mini kai, na ƙara gishiri. Mutane suna juyowa suna kallonsa suna taɓa juna. Bai tashi ba, don ba ya tashi kafin manya su tashi. Washegari da na je gaishe shi ya amsa kamar kullum, ya tambayi iyali. Abin da ya ƙara kawai shi ne, in na gama da warkin in mayar, don ba nasa ba ne, na mahaifina ne yake ajiya.

Tun daga ranar, in ya ratsa kasuwa sai ka ji ana jan hanci a bayansa. Majeman da shi ya koya wa riƙon fata suka fara ce masa ya zo ya sansana musu, suna ƙunshe dariya. Bai yi faɗa da kowa ba. Wata biyu ya daure, sannan wata safiya ya ce ƙafa ta dame shi, bai fita ba. Bai sake taka majema ba har yau.

Na huɗu, abin da ya shafi kwamitinka.

Laifin baya nawa ne, ban raba shi da kowa ba. Amma na gaba, in an yi shi, naku ne. Takardar neman ra'ayin nan da Faransanci kuka rubuta ta, kuka raba wa masu jin Faransanci. Littafin jima ne, amma ko majemi ɗaya ba ku tambaya ba. Haba, ranka ya daɗe! Daga bironka zuwa majema ko doki ba a buƙata. Lokacin da littafin yake da Faransanci, wawa ɗaya ya samu a garin nan, ni. In kuka juya shi Hausa kuka buga masa hatimin sabuwar gwamnati, zai shiga ƙauyuka, duk wanda ya iya haɗa baƙi zai ɗora yatsa a kan takwas ɗin nan ya rufe bakin ubansa. Shi kuwa wasan, dukawan Mirriya shekara da shekaru fatar Baba Laminu suke saye. Suna ganin jan ƙafar nan za su gane shi. Ranar da muke cewa mun karɓi ƙasarmu, da wannan za mu buɗe?

Saboda haka ina roƙon abu huɗu.

A dakatar da juya babin jiƙo har sai an zauna da majema uku ko huɗu, a rubuta na bazara daban, na damina daban, na lokacin ɗari daban. A kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa yatsa da hanci da harshe suna cikin ma'auni.

Wasan nan, ko dai a mayar masa da abin da muka yanke a cire majemi daga ciki, ko a bar shi ya mutu. Ni dai ba zan sake fitowa a cikinsa ba, ko an ɗaure ni.

A ciro takardata daga durowar makaranta, a liƙa wannan a kanta. Na san abin da ake yi wa ma'aikacin da ya yi ƙarya a rubuce. In kora ce, ban ce an zalunce ni ba, kuma na riga na gaya wa iyalina.

Na ƙarshe, ranar biki a ba ni ɗan lokaci a kan dandalin nan, cikin tufafina, da muryata, in faɗa da Hausa cewa ran kwana uku Baba Laminu ya ce a tsame, ni na ƙi. In ba a ba ni ba, zan faɗa daga cikin 'yan kallo, sai dai 'yan sanda su fitar da ni.

Kada ka ce me ya hana ni zuwa in durƙusa a gabansa in huta. Na gwada ya fi a ƙirga. Da na buɗe baki sai ya tambaye ni lafiyar yara, ko ya ce a kawo mini ruwa. Na gane ba zai karɓi tuba a cikin zaure ba alhali dariyar tana nan a waje. Ya haura saba'in, kuma zama yana cin sa fiye da yadda aiki ya taɓa yi.

Juma'ar da ta wuce na je gidansa, aka kawo abinci, na zuba masa ruwa yana wanke hannu. Tun da na yi wayo hannun nan rinanne na san shi, bagaruwa da karan dafi sun kama shi har ƙarƙashin farce, sabulun duniya bai fitar da su ba. Ranar sai na ga hannu fes, farce fari tas, tafi ya yi laushi kamar na wanda bai taɓa aiki ba. Ya lura ina kallo. Sai ya yi maza ya janye hannun ya cusa cikin riga, kamar shi ne ya yi abin kunya. Na kasa cin abincin.

Ina roƙonka don girman Allah, in za ku yi wani abu, ku yi shi yana da ran da zai ji.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora a wannan nauyi da aka ɗora maka, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya tun a karo na farko. Allah ya kiyaye ka da ganin irin abin da na gani a hannun wanda ya rene ka. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isuhu, mushen aikin fata, ɗan gidan majema, Birni, Damagaram.