Zuwa Ga Habu, Mai Gem Ɗin Unguwarmu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina taya ka murnar fitowa takara. Saƙonka ya iso ni, inda ka ce in rubuta wa jama'a shaidar yadda muka taso tare a Birnin Kudu, tunda ni ne mai alƙalami. Na karɓa. Ga shaidar, a bainar jama'a kamar yadda ka so.

Ka tuna shekarun da aka yanke mana Jigawa? Wasu sun samu kujeru, kai kuma ka samu gem, abin wasan nan da ake jonawa a talabijin. Alhaji, mahaifinka, ya kawo maka shi daga Kano, da kaset ɗin nan mai launin ruwan ƙwai da sai an hura masa iska yake tashi. Daga ranar zaurenku ya zama fada. Wanda ya yi dariyar barkwancinka ya buga wasan tankoki, wanda ya cinye ka ya yi mako a waje. Tun a lokacin na gane an haife ka da baiwar mulki.

Matsalar ɗaya ce: adafta mai ba gem ɗin wuta tana ɗaukar zafi. Sai ka naɗa mata mai fifita. Ɗanliti ne, yaron ƙauyen Kangire da Alhaji ya riƙe don ya yi firamare. Ya fi mu lissafi, mun fi shi takalmi. Yana tsugune bayan talabijin da mafici, ba ya ganin komai sai ƙura da waya, yana jin ihunmu. Kullum maganarka ɗaya: "Gobe kai za ka fara."

Goben ba ta zo ba. Ranar da Inna, mahaifiyarka, ta aike shi niƙa, adafta ta yi zafi, kai da hikimarka ka sheƙa mata ruwan randa. Ta yi ƙara, ta yi hayaƙi, talabijin ta bi ta. Da Alhaji ya dawo, ka ce Ɗanliti ne ya yi sakaci da fifita tun safe. Na buɗe baki, Alhaji ya ce ɗan maƙwabta ba ya shaida a gidan wani. Aka zane yaron, aka ɗora shi a motar kasuwa da ƙullin kayansa. Karatunsa ke nan.

Na ga fostarka: ilimi ga ɗan talaka. Hular ta yi maka kyau.

Ba ƙinka nake yi ba, Habu. Kai ka koya mini keke, kai ka kwana a gidanmu da Babana ya rasu. Har yau in na wuce zaurenku sai na rage tafiya. Shi ya sa abin yake ci mini rai.

Ranar kasuwar Gwaram na hau acaɓa, ashe Ɗanliti ne. Ya yi furfura. Hotonka na manne a tankin babur ɗinsa, yana faɗa wa kowa ya taɓa zama a gidanku. Ya ƙi karɓar kuɗina. Da zan sauka ya riƙe hannuna, ya ce in na gan ka in roƙar masa gafara, shi ya ƙona maka gem da wautar ƙuruciya.

To, na isar. Yana jiran amsa a bakin tasha.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, ko da ba mu san su ba. Ya ba ka tsawon ran da za ka je da ƙafarka.

Naka har kullum,
Sule, maƙwabcinku na da.