Injin Ntate

Litinin, 5 ga Yuni

Kwalin ya iso. Ina ƙarƙashin wata motar haya ina fama da kuloci sai na ji Bra Fanyana, abokin Ntate, mahaifina, tun na samartaka, yana kwarmato a ƙofar gida: "Kedibone, fito ki tarbi amaryar ubanki!"

Supacaja ce, ta hannu. Na'urar nan da ke cusa wa inji iska da ƙarfin tsiya har ya yi abin da ya fi ƙarfinsa. Su biyu suka ƙulla cinikin a bayan idona. Ntate na kan kujerarsa a bakin gareji, lulluɓe da bargo, yana murmushi kamar yaron da ya saci sukari. Mutumin da kofin shayi ma sai da hannu biyu yake ɗagawa.

Wai a Gusheshe zan ɗora ta. Tsohuwar BMW ɗinsa, wadda ya yi suna da ita a filayen wasan juya mota na Soweto, wadda ta yi shekara da shekaru a ƙarƙashin tamfol kaji na kwana a kanta.

Na ce, "Ntate, injin nan ya ga aurena, ya ga mutuwar auren."

Ya ce, "Shi ya sa na ba ki. Kin saba da rainon tsofaffi."

Bayana ciwo yake. Ban ci komai ba.

Talata, 6 ga Yuni

Wankin ƙodar Ntate. Talata, Alhamis, Asabar, shekara ta uku ke nan. A hanyar dawowa ya jingina kai da gilashi, idonsa a rufe, na ɗauka barci yake. Sai ya ce, "Ranar da motar nan ta yi kuka da supacaja, na gama da wankin nan. In ji ta da kunnena sau ɗaya, shi ke nan."

Ya san abin da likita ta ce. In an daina, mako ɗaya ne ko biyu.

Na kunna rediyo.

Juma'a, 9 ga Yuni

Na yaye tamfol, na kori kaji, na sa batir. Da ƙyar ta tashi, tana tari. Na auna matsin kowace silinda. Ta huɗu ta yi sanyi sosai, kuma akwai shuɗin hayaƙi a salansa. Na faɗa masa gaskiya: in aka matsa wa wannan injin iska a yadda yake, kafin ya kai kwanar shagon maƙwabciyarmu Mme Ntsoaki ya watse. Dole a sauke shi a buɗe har ciki. Fistin na daban masu rage matsi, ringi da metal sababbi, gasket mai kauri, kusoshin kai masu ƙarfi. Famfon fetur ɗin ma ba zai iya ciyar da shi ba, balle lagireton.

Na yi ta lissafo masa don ya karaya. Sai fuskarsa ta ƙara haske. "To me kike jira, ngwanaka, 'yata? Buɗe."

Aiki ne na watanni. Na lura raina ya ɗan yi sanyi da na faɗi haka. Bari dai.

Talata, 13 ga Yuni

An ɗauke wuta tun safe. Sanyi har cikin haƙori. Motocin haya biyu na jira, masu su na zagi.

Lahadi, 18 ga Yuni

Mun sauke injin. Ni da sarƙa da Bra Fanyana, wanda taimakonsa baki ne kawai. Ntate na ba da umarni daga kujera: "Hagu! Hagunki, ba na Fanyana ba, shi bai taɓa sanin nasa ba."

Bra Fanyana ya ce, "Ni da nake rataye a tagar motarka tana juyawa, kaina na sharar ƙasa? Ba don ni ba wa zai kalle ka? 'Yan mata ni suke yi wa guɗa."

"Guɗa suke ko Allah zai sa ka faɗo su huta."

Sun yi dariya har Ntate ya sarƙe, sai da na kawo ruwa. Rabin kofi, abin da aka yarda ya sha ke nan. Ya kalli kofin, ya kalle ni.

Cikin injin baƙi ƙirin. Na jiƙa komai a kananzir. Hannuna sun tsattsage, sabulu ma zafi yake.

Laraba, 21 ga Yuni

Akwai tsaga a kan injin, siririya kamar gashi, tsakanin bawul biyu. Na kai wa Cassim, mai gyaran kan inji a unguwar Lenasia. Ya duba da tabarau biyu, ya ce zai ɗinke ya goge fuskar, in dawo mako mai zuwa. Ya tambayi Ntate. Na ce da sauƙi. Me zan ce?

Lahadi, 25 ga Yuni

Tebello ya bugo daga Durban. Ƙanena, sarkin shawara ta waya. "Ausi, yayata, ki sayar da motar nan mana. Kina biye wa tsoho. Akwai gidajen kula da marasa lafiya masu kyau."

Na ce, "Ka san launin aman ubanka in ya dawo daga wanki?"

Ya kauce wa tambayar. Ya ce aiki ya yi masa yawa, amma zai zo da Kirsimeti... ya dai ce Kirsimeti.

Abin haushin, ni ma na sha cewa a sayar da ita. Amma da na ji daga bakinsa sai na ji kamar in shiga wayar in mare shi.

Alhamis, 29 ga Yuni

Yau ya yi muni. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa daga mota, na goya shi zuwa ɗaki. Ba nauyi. Kan injin da na kai Lenasia kamar ya fi shi. Ya ɓata wandonsa a hanya, na wanke shi, ya juya fuska bango har na gama. Mutumin da in ya shigo fili yara ke hawa rufin gidaje don su hango shi.

Ya ce, "Yi haƙuri." Na ce ya daina.

Na zauna a gareji ban taɓa ko sifana ba.

Talata, 4 ga Yuli

Cassim ya bugo, ya gama gyaran kan injin. Na ce ya ajiye, zan zo. Na ce wa Ntate rashin wuta ya hana shi aiki.

Ai kuwa ana ɗauke wuta a Lenasia. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Litinin, 10 ga Yuli

Fistin sun iso. Na auna, daidai suke cif. Na ce masa sun yi kuskuren girma, sai an mayar. Suna cikin kabad ɗin kicin, bayan buhun garin masara.

Ya ce, "Mutanen yanzu." Ya girgiza kai. Ya ci pap, tuwon masara, kaɗan, ya bar naman.

Na gaji. Ba gajiyar da barci ke magani ba.

Juma'a, 14 ga Yuli

Bra Fanyana ya je Lenasia sayen samosa, ƙafarsa ta kai shi wajen Cassim gaisuwa. Da rana sai ga shi ya sauko daga motar haya rungume da kan injin a cikin bargo kamar jariri, yana haki yana murna. "Ga shi! Mutumin ya ce tun yaushe yake jiranku, har ƙura ta hau!"

Ya dubi fuskata, ya dubi ta Ntate, ya ajiye shi a hankali a kan benci. Ya ce ya tuna ya bar tukunya a wuta. Shi da bai taɓa dafa ko ƙwai ba.

Ntate bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

"Fistin ɗin fa?"

Na je na ɗauko. Gari ya yi musu fari a kwali.

Ya ce, "Kedi, kina tsammani mutuwa injin nan take jira? Ba ta san hanyar Lenasia ba ne?"

Na ce, "Kai ka ce..."

"Ni na ce. Kuma ke kika yanke cewa gara in mutu a kujerar asibiti ban ji ta ba."

Ya miƙe da kansa, yana dafa bango, ya shiga ɗaki. Na miƙa hannu, ya kauce.

Asabar, 15 ga Yuli

Ntate ya tafi wanki tare da Bra Fanyana, a motar haya. Bai ce mini ko sannu ba.

Laraba, 19 ga Yuli

Na kai masa shayi da safe, ya ce in zauna. Ya yi magana mai tsawo, ban riƙe duka ba. Ya ce ni tuƙi nake gani da amai, amma ban san zaman ba: kana kallon jininka na fita ta roba yana dawowa da sanyi, ana canja maƙwabcin kujera ba a gaya maka inda na da ya tafi. Ya ce ƙishirwa ta fi ciwon. Yana mafarkin famfo.

Na ce, "Ni kuma fa? In ka tafi in tashi da safe in yi wa wa faɗa?"

Ban yi niyyar kuka ba. Shekarata arba'in da shida, da furfura.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Shayin nan ba sukari, kamar zuciyar uwarki." Mme, mahaifiyata, kafin ta rasu takan ɓoye masa makullin mota. Muka yi dariya kaɗan.

Da rana na wanke fistin ɗin.

Laraba, 26 ga Yuli

Haɗawa muke. Na jawo kujerarsa har gaban benci. Kowane ringi sai na sa shi a silinda na auna tsagar da ke bakinsa, in miƙa masa ya duba. Ya ce a ƙara buɗa su kaɗan, domin zafin supacaja zai sa su kumbura, in suka haɗe baki sai su fasa fistin. Na sani. Na bar shi ya faɗa.

Da muka zo ɗaure kai ya ce, "Daga tsakiya zuwa waje, a hankali, zagaye uku. Kada ki yi fushi da kusa." Ya ɗora hannunsa kan nawa a kan sifana. Hannun ba ƙarfi, amma ya san daidai inda za a tsaya. Kafin sifanar ta yi ƙas ya riga ya ce, "Nan."

Wuta ta tafi, muka ci gaba da hasken ƙofa. Masu motocin haya sun fara kai aikinsu wani wuri. Su je.

Juma'a, 4 ga Agusta

Ta tashi. Ba supacaja tukuna, injin kawai. Ta ɗan yi gardama, ta yi atishawa, sai ta kama, da wannan muryar tata mai kauri da na sani tun ina yarinya. Karnukan layi suka rikice. Mme Ntsoaki ta rufe shago ta zo da gudu. Bra Fanyana ya cire hula yana ta zagaye motar yana cewa, "Yarinyata! Yarinyata!"

Ntate ya rufe ido yana saurare. Can ya ce, "Gobe sai a ɗora."

Na ce, "A'a. Sabon inji sai ya yi kilomita dubu a hankali, ringi su zauna, a canja baƙin mai. Kafin nan ba mai matsa masa iska."

Ya buɗe ido ya kafe ni da kallo. Na kafe shi.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wani tsoho mai taurin kai."

Ya yi tsaki. "Wannan karon dai gaskiya ce. To ni zan zauna a gaba, in ga ko za ki ɓoye kilomitocin a bayan buhun gari."

Lahadi, 13 ga Agusta

Kullum muna fita in ba ranar wanki ba. Yau har Parys, bakin kogi. Tafiyar kunkuru, manyan motoci na wuce mu, wasu samari suka sauke gilashi suna ihu, "Mama, wannan ba motar zuwa coci ba ce!" Ntate ya ɗaga musu yatsan da ba na coci ba.

Ya sa na saya masa soyayyen dankali da gishiri da ruwan tsami. An hana shi. Ya ci guda biyar, ya tsotsi yatsu, ya ba ni sauran. Na cinye. Ya nuna mini wani fili da ya zama kanti yanzu, ya ce a nan ya fara fita daga mota tana juyawa ba kowa a sitiyari, Mme na cikin 'yan kallo ɗauke da cikin Tebello, ta suma.

A dawowa ya yi barci, bakinsa a buɗe. Zafin inji bai motsa daga tsakiya ba. Na yi aiki mai kyau, ko ba wanda ya faɗa.

Na bugo wa Tebello na ce kada ya jira Kirsimeti.

Talata, 22 ga Agusta

Saura kaɗan dubun ta cika. Ban ƙirga ba, shi ke ƙirgawa.

Da safe ya ce a Gusheshe za mu fita. Ranar wanki ce. Na naɗe shi da bargo, na ɗaura masa bel. Muka zo mahaɗar nan ta bayan gidan mai: hagu asibiti, dama babbar hanya. Shekara uku hannuna na buga sigina hagu ba tare da na sani ba.

Yau na tsaya. Hannuna na kan cinyata. Fitila ta ba da hannu, motocin haya suka cika duniya da hon, wani direba ya leƙo yana ambaton kakata.

Na ce, "Ntate, ina za mu?"

Ya daɗe yana kallon dama. Rana ta fito a kan hanyar, ba kowa a kanta.

Ya ce, "Asibiti. Yau dai."

Na bi hagu. Na raka shi har kujera, na gyara masa matashi, na dawo mota na zauna. Na daɗe kafin na tayar da ita.

Da ya ce dama, ina jin da na bi dama. Ina jin dai.