Farasitamol Don Zuciyar Angona

Litinin, 3 ga Maris
Yau na ga angona. Jikan nawa bakwaini, yana cikin kwalba da roba a hanci, duk girmansa bai wuce tafukan hannuna ba. Na ce masa, "Kai kuma saurin me kake yi? Ai ba guduwa zan yi ba." Da na fito na yi kuka a bayan ƙofa, ba wanda ya gani.

Laraba, 5 ga Maris
Likita ta zana mana a takarda. Wai akwai wata 'yar jijiya kusa da zuciya, kowane jariri da ita ake haifarsa, sai ta rufe da kanta. Tasa ba ta rufe ba, jini yana yi wa huhunsa yawa, shi ya sa numfashi ke ba shi wahala. Na ce to a rufe ta mana. Ta ce, "Mama, za mu ɗan jira tukuna. Da yawa suna rufewa ba a taɓa su ba."
Jira! Likitar da na girmi uwarta.

Asabar, 8 ga Maris
Ba abin da suke yi sai auna nono a sirinji da auna fitsari. Na ce wa ɗana mu ɗauke shi zuwa babban asibiti a yi masa aiki kowa ya huta. Surukata ce ta amsa, ita da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba: "Mama, ki yi haƙuri, ba inda za shi. Ba zai jure hanya ba."
Lallai, wuyan yarinya ya yi kauri.

Talata, 11 ga Maris
An sake hoton zuciya. Ba ta rufe ba, za a fara magani. Na tambayi nas sunansa. Farasitamol! Irin wanda ke jakata don ciwon gwiwa. Ta ce nasa ta jijiya ake ba shi daidai nauyinsa, kada in kuskura in kawo nawa. In bai yi ba, sai a duba maganar aiki.
Raina ya ɓaci. Na ce wa surukata in wani abu ya same shi, ita ta ja. Na faɗa ɗin. Ta ce, "To, Mama," ta ci gaba da tatsar nono.

Laraba, 12 ga Maris
Ban je ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Na je. Surukata tana zaune gaban kwalba, hannunta a ciki, ya riƙe mata yatsa. Ƙafafunta sun kumbura suntum. Na tura mata kujera ta miƙe su. Tsoro nake ji, shi ke nan. Tsoro ne yake sa ni faɗa.

Litinin, 17 ga Maris
Jijiyar ta tsuke, saura ƙiris! An rage masa iska. Likita ta ce ba a gama ba, amma maganar aiki an jingine ta. Na yi hamdala har nas ta ce in rage murya.

Juma'a, 21 ga Maris
An fito da shi daga kwalba na ɗan lokaci. Surukata ta ce, "Mama, karɓi angonki," ta ɗora min shi a ƙirji. Ina jin zuciyarsa tana bugawa, ɗis ɗis. Na so in ba ta haƙuri, bakina ya ƙi.
A hanyar gida ɗana ya ce ko har yanzu ina so a kai shi babban asibitin, ko don a sake dubawa. Na ce ni ina ruwana? Ya je ya tambayi uwar ɗa, ita ta san ɗanta.