Ƙodar da Likita Ya Ƙi Karɓa

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya aikin gona? Allah ya sa ciwon bayan nan ya sake ki.

Yaya, sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, sai in ajiye. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na rubuto.

Kin tuna zuwanki bara? Kika hau benenmu hawa huɗu da buhu a ka, ni ina baya da jakar hannu kawai, ina haki kamar tsohon injin niƙa. Amma da muka zauna ni ce mai yi miki dariya. Na ce ƙauye ya tsotse ki, har na sayo miki maganin ƙiba. Da maƙwabciyata ta tambaya ko sabuwar mai aiki na samo, na yi murmushi ban gyara mata ba. Kin ji, na san kin ji. Kika ci gaba da wanke kofunan.

Mu nan a ofis kusan duk haka muke. Daga kujerar mota sai kujerar amsa waya, lemon kwalba a gefe, abin soye a cikin leda. In siket ya matse mu kai wa tela ya buɗa, mu ce hutu ne ya karɓe mu.

To, 'yata Auta ba lafiya. Ƙodojinta biyu sun daina aiki, wata huɗu ke nan ana yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako. Na ɓoye miki don kunyar abin da na yi. Likita ya ce sai dashe. Jinin babanta bai dace ba, nawa ya dace, har na yi kukan murna a gaban mutane.

Sai aka ɗora ni a sikeli. Aka auna jini, aka auna suga. Likitan ya cire tabarau ya ce, "Baiwar Allah, ƙodarki ke ma da ƙyar take ɗaukar ki. In na cire ɗaya, marasa lafiya biyu zan kwantar." Ya tambaya ko ina da 'yar'uwa mai ƙoshin lafiya. Na sunkuyar da kai na ce ina da ita.

Ba ni da bakin roƙonki, kuma kina da naki 'ya'yan. In kin ce a'a, wallahi ba zan riƙe ki ba. Ranar Talata ake gwajin, a ga ko jininki ya dace.

Auta ba ta sani ba tukuna. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta shigo sai Auta ta nuna mata ni ta ce mamanta ce za ta ba ta ƙoda. Jiya ta tambaye ni yaushe za a yi mana aikin, na ce nan kusa. Yaya, ki yafe mini, ki zo kafin ta sake tambaya.

Ki gaida maigidan da yara.

Ƙanwarki,
Maman Auta