Gicciyen Bakin Gonata

Litinin, 4 ga Maris
Shekara arba'in ina faɗa, gefen hanyar nan gonar ubana ce, hukumar gari ta yanke da za a zuba kwalta. Da ya yi magana a taro suka ce ƙarya yake. Da wannan ya mutu. Na rubuta don kar a ce na manta.

Alhamis, 7 ga Maris
Kotu ta ce a tsige gicciyen dutsen da ke wurin kafin ƙarshen wata. Wai filin hukuma ne, doka ta raba gwamnati da coci, kuma bayan dokar aka kafa shi. Gaubert, tsohon malamin makaranta, shi ya kai ƙara. Ni ina ruwana. Rabona da coci tun jana'izar matata Léontine.

Lahadi, 10 ga Maris
Fada Anselme ya tare ni a gidan burodi. "Baba Firmin, ka ji abin da za a yi mana?" Na ce, "Muku dai." Ya ce zai sa ni a addu'a. Na ce ya sa gwiwata, ita ke ciwo.

Talata, 12 ga Maris
Magajiyar gari da kanta, Odile, wadda na sani tun tana majina. Har da cuku ta kawo. Ta ce in filin nawa ne, kotu ba ta da ta cewa, kowa na da ikon kafa abin da ya so a gonarsa. "Kawu, sa hannu kawai, mun mayar maka."
Na ce, "Yau kuma nawa ne? Da ba dutsen fada, sai ya zama nawa?"
Ta ce, "Kar mu tono tsohon zance."
Na riƙe cukun, na ƙi takardar.

Asabar, 16 ga Maris
Ruwa. Gwiwa.

Talata, 19 ga Maris
Gaubert ya ce shi ba ya gaba da Allah, doka ce, gobe wani zai kafa nasa a ƙofar makaranta. Na ce gaskiya ne. Haushi na ji da na yarda da shi.

Juma'a, 22 ga Maris
Motar tsigewa ranar Talata za ta zo. Da safe na bi ta wajen, ciyawa ta rufe gindin gicciyen, na nome. Ba don komai ba, ba na son ƙazanta a gonata. Gwangwanin da Léontine ke sa furanni yana nan, ya yi tsatsa. Na sake wani.
Na aika wa Odile in ta zo da takardar ta same ni. Amma kafin in taɓa biro, ta tsaya a dandali ranar kasuwa ta faɗa da bakinta: ubana, Cayrol tsoho, ƙarya ya yi, ko gaskiya ya faɗa? Ɗaya ce a ciki. Saura kwana kaɗan, wani ya ba ni amsa.