Makon da Muka Ƙaurace wa Gidan Mai

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya ke da maigidanki. Yaya aiki, yaya jikin naki da nauyin nan? Ƙafar ta daina kumburi? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Daga gadon wankin ƙoda nake rubuto miki. Hannun hagu yana ɗaure da tiyo biyu, na dama kuwa ba shi da aikin yi, shi ya sa na roƙi takarda. Nas ɗin nan mai ce mini Mama za ta ɗauki hotonta ta tura miki a waya. In kin ga rubutun ya karkace, sanyi ne. Na'urar nan tana fara juya jini sai in ji sanyi har cikin ƙashi, zanin asibiti kuma bai fi takardar nan kauri ba. In kin sami mai zuwa, ki aiko mini da bargo, ko tsoho ne.

Labarin gida duk na fetur ne. Ya sake tashi. Babanku ya daina kunna rediyon mota, wai shi ma yana shan mai. In mun zo gangara sai ya kashe inji mu sulala kamar ɓarayi, ni ina baya ina salati. Ban ga laifinsa ba. Asibitin nan yana can ƙarshen gari, kuma duk Litinin da Alhamis sai mun zo.

Shekaranjiya maƙwabcinmu Tela ya tara mutanen gidan hayarmu a tsakar gida, ƙarƙashin igiyar shanya, ya karanto saƙon da ke yawo a waya: daga ranar Lahadi kowa ya ƙaurace wa gidajen mai na mako guda, har sai an sauke farashi. 'Yan tasi da 'yan babur ɗin unguwa ma sun ce za su ajiye ababen hawansu. Kin san babanku da taro. Ya hau bakin rijiya ya yi jawabi har hularsa ta faɗi. Ya ce duk wanda aka gani da jarka a gidan mai cikin makon nan ya ci amanar talaka, shi kuma gara ya tura motarsa da hannu. Aka yi ta tafi, Mai Aski har da fito.

Mutum ɗaya ne bai tafa ba, Malam Lissafi na bene, tsohon malamin makarantar nan da ya tare bayan bikinki. Ya ce shi ba ya ciki. Wai kowa zai cika tankinsa ranar Asabar ne, mai gidan mai ya sayar da na mako guda a yini ɗaya ya tafi ya huta. Wai kuma rabin abin da muke kuka da shi haraji ne, mai karɓar harajin kuwa ko a jikinsa. Kin san dama ba sa ga-maciji da babanku tun rigimar wurin ajiye mota. Babanku ya rantse a gaban kowa cewa shi ko ɗigo ba zai saya ranar Asabar ba, don ya nuna wa Malam akwai sauran masu gaskiya. Na tambaye shi ko man da ke ciki zai kai mu asibiti sau biyu. Ya ce in bar masa harkar mota.

Ki gaida maigidanki da kyau. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Taki har kullum,
Ummanki

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta abin da ke cikinki. Na ga amsarki, na kuma ga faɗan da kika ce in isar wa babanku. Ban isar ba.

Yau Litinin, mun iso, amma hankalina ba a kwance yake ba. A hawan gada motar ta yi tari sau biyu. Kin san allurar man motar nan ta maƙale a tsakiya tun kina makarantar kwana. Kin kuma san yadda babanku yake auna mai: ya dafa bayan mota ya girgiza ta, ya kara kunne ya saurari motsin tanki. Ɗazu ta tagar ɗakin nan na hango shi yana yi. Ya girgiza, ya saurara, ya sake girgizawa da ƙarfi. Sai na ga ya miƙe ya cire hula yana sosa kai. Da ya shigo na tambaye shi, ya ce komai lafiya, ya hau yi mini zancen fankar ɗakin.

Ranar Asabar kuwa, Auta, layin gidan man bakin titinmu sai da ya zagaya kasuwa. Malam Lissafi ya fito baranda ya kalli layin, ya kalli babanku, ya koma ciki. Babanku ya ce ai duk mutanen wasu unguwanni ne, namu ba za su yi haka ba.

Ga abin da ke damuna. Na'urorin ɗakin nan kaɗan ne, masu jira suna da yawa. In ka makara, wani ake ɗorawa a gadonka, kai kuma sai wani makon. Kin ga yadda na koma wancan karon da na rasa wanki ɗaya, numfashi sama-sama, kwanciya ta gagare ni. Ina jin tsoron ranar Alhamis, ba zan ɓoye miki ba. Titi babu tasi, babu babur. Gidan mai kuwa yana daidai ƙofar gidanmu, ko kyanwa ce ta shiga sai an gan ta. Mutumin da ya hau bakin rijiya ya faɗi abin da ya faɗa, in ya tsallaka titin nan da jarka, ban san ranar da zai sake ɗaga kai a gidan ba. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya hana ni buɗe baki.

Kada ki kira shi. In kin kira, cewa zai yi na kai ƙararsa wurin 'yar cikinsa. Ki dai yi mana addu'a.

Ummanki

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya. Kafin komai, kwantar da hankalinki: yau Alhamis, ga ni a kan gadona, na'ura tana juyawa. Alhamdu lillahi. Yadda na iso kuwa, gyara zama.

Jiya da la'asar ina kishingiɗe sai na ga babanku ya jawo jarka daga ƙarƙashin gado, ya karkaɗe ta, ya ja hula har gira. Ya fita da ita. Na leƙa ta labule. Tsakar gida cike, kowa yana shan iska. Ya yi ta ɓoye jarkar a bayan riga, amma jarka ai ba allura ba ce. Tela ya ɗago daga keken ɗinkinsa ya tambaye shi ina zuwa. Na zaci zai ce ruwa zai ɗebo. Sai na ji muryar babanku, irin ta ranar jawabi, yana cewa gidan mai za shi, gobe matarsa tana da wanki, duk wanda zai kira shi maci amana ya kira. Shekara nawa muna tare, Auta, bai taɓa faɗa mini magana mai daɗin wannan ba, ita ma ɗin Tela ya faɗa wa. Na zauna a bakin gado na yi kukana.

Can sai Tela ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da galan cike, yana kallon ƙasa. Mai Shayi ya yi gyaran murya, ya janyo kwalabe biyu daga bayan buhun gawayi. Hajiya mai ƙanƙara ta turo jarkar da ta fi ta babanku girma. Mai Aski ya rugo da na ɗan janaretonsa. Ashe duk masu tafin nan sun bi layin ranar Asabar, babanku ne kaɗai ya zauna da gaskiyarsa da busasshen tanki. Ya tsaya baki buɗe, ya rasa godiya zai yi ko faɗa. Tela ya ce ai wannan ba karya alkawari ba ne, tunda kafin makon aka saya. Aka yanke bakin gora aka yi mazurari, kowa ya zo ya tsiyaya nasa, ana dariya ana tsokanar juna. Malam Lissafi yana baranda da jaridarsa, yana kallon abin da ake tsiyayawa.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, ɗan janareton Mai Aski irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, shi kuma hannunsa yana da nauyi wajen zuba baƙin man. Da safe babanku yana tayar da mota hayaƙi ya turnuƙe gidan, Hajiya ta fito da gudu tana kwashe shanya. Haka muka kama hanya, ana nuna mu da yatsa. Muna sauka daga gada motar ta yi shiru. Ya tayar, ta ƙi. Ya buɗe gaba ya ɗauki dutse yana bubbuga kan batir, abin da ya iya ke nan. Titi fayau, ba mota ko ɗaya, rana tana ɗagawa, ƙirjina ya fara nauyi. Na ce a raina shi ke nan, an ba wani gadon.

Sai muka ji hon a bayanmu. Malam Lissafi ne. Ya sauke gilashi ya ce wa babanku tun jiya ya ga launin man Mai Aski bai yi masa ba, da ya ga hayaƙin safe kuma sai ya biyo shi, bai ma sha wahalar nemanmu ba. Ya ce a sa ni a baya, a bar gardama sai an dawo. Babanku ya buɗe mini ƙofa, shi ya shiga gaba.

Bai bi babban titi ba. Ya kurɗa ta bayan ma'aikatar katako, ya ɓullo ta wata ƙaramar ƙofar asibiti da mu da muke zuwa kullum ba mu san da ita ba, ya tsaya daidai inda babu matakala. Mun shigo ana kiran sunana karo na biyu. Nas ɗina tana ganinsa ta saki fayil ta gaishe shi har da rusunawa. Shi dai ya amsa daga bakin ƙofa, ya ƙi shigowa, ya juya da sauri. Ita ce ta gaya mini ashe shekaru ya yi yana kawo matarsa ɗakin nan, gadon jikin taga ne nata, kuma bai taɓa makara ba har Allah ya karɓi abarsa. Muna gida ɗaya da mutum, muna ce masa mai baƙin rai, ba mu san wannan ba.

Yanzu haka suna waje a kan benci ɗaya da babanku. Ina hango su daga nan.

Ki taya ni gode wa Allah, ki sa mutanen gidanmu a addu'a, har da Mai Aski.

Ummanki

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata nauyi yana sauƙi. Ki gafarce ni da na yi shiru kwana biyu, hira ce ta yi mini yawa a hanya har nake isowa a gajiye.

Kin tambaya ko farashi ya sauka. Bai sauka ba, ƙarawa ma aka yi. Ranar da makon ya cika, layin gidan mai ya fi na Asabar ɗin tsawo, Tela ne a gaba. Na jira Malam ya ce ai dama ya faɗa, har yau bai ce ba.

Bakanike ya duba motarmu ya ce fulogai sun yi baƙi ƙirin, dattin kwalabe kuma ya toshe hanyar mai. Mai Aski ya zo ban haƙuri har sau uku, ya yi wa babanku aski kyauta, ya kusa yanke masa kunne don rawar jiki. An gyara motar, amma tana nan a lulluɓe. Washegarin dawowarta Malam ya sauko ya ce wautar banza ce mota biyu su fita daga gida ɗaya su bi hanya ɗaya. Yanzu duk Litinin da Alhamis shi ke kawo mu. Matar Tela tana bin mu zuwa wurin aikinta, Hajiya tana saka kular ƙanƙararta a but ɗin motar, kowa kuma da makon da yake zuba mai. Babanku ya ce wannan ita ce ƙauracewa ta gaskiya, kuma asali shawararsa ce. Malam ya ce ba wata ƙauracewa, lissafi ne kawai. A kan wannan suke tun daga ƙofar gida har asibiti, ni ina baya ina gyangyaɗi. Tun ranar ban rasa wanki ko ɗaya ba, ƙafata har ta koma shiga takalmin da na sa ranar bikinki.

Ban san yadda ake gode wa mutane irin waɗannan ba. Na ce wa babanku ya yi wa Malam godiya da kyau, ya ce ai ya bar masa wurin ajiye motar da suka yi rigima a kai, me kuma ake so.

Yau an sauya mini gado, an kai ni na jikin taga. Ana gama ɗaura mini tiyo na fara rawar sanyin nan, sai na ga Malam a bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa. Ya daɗe a wurin. Daga nan ya juya ya tafi, na ce a raina ganin gadon ne ya kore shi. Ashe mota ya koma. Ya dawo da wata leda, ya cire takalmi kamar mai shiga masallaci, ya tako har tsakiyar ɗakin. Bai dubi gadon ba. Ya miƙa wa babanku ledar ya ce a lulluɓa mini, na'urar nan sanyi gare ta, shi ya sani. Bargo ne mai ruwan toka, wankakke, an yi masa faci a gefe ɗaya da zare shuɗi. Ina gani na san na marigayiya matarsa ne. Nas ta juya baya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Babanku ya lulluɓa mini har wuya, ya bi shi waje, yanzu ina jiyo su suna gardama a kan haraji.

A cikinsa nake rubuto miki. Bargon da na ce ki aiko, ki bar shi, ki ajiye wa jaririnki. Na samu.

Ki gaida maigidanki. Allah ya sauke ki lafiya.

Taki mai ƙaunarki,
Ummanki